Kurkukun da Teku ke Gadi: Yadda Fursunonin Ailan Suka Kuɓuce wa Ingila a Ostareliya

A ƙarni na 19 Ingila tana da wani hukunci da take ganin ya fi rataya amfani a kan ɗan tawaye. In ka rataye mutum, ka bar wa mutanensa kabarin da za su riƙa ziyarta da sunan da za su raɗa wa 'ya'yansu. In kuwa ka ɗora shi a jirgin ruwa ka kai shi ƙarshen duniya, ka gama da shi ke nan ba tare da an yi jana'iza ba. Wasiƙarsa sai ta yi watanni kafin ta isa gida, amsa ma ta yi wasu watannin, a hankali zancensa ya mutu a bakin mutane. Daga 1788 zuwa 1868 an kwashi fursunoni kusan 162,000 daga Birtaniya da Ailan zuwa Ostareliya. Mafi yawansu talakawa ne da aka kama da ƙananan sace-sace, amma akwai waɗanda laifinsu bore ne ko siyasa, kuma a cikin waɗannan 'yan Ailan ne suka fi yawa. Mu ma a nan mun san wannan dabara, don daula ɗaya ce ta yi amfani da ita a kanmu: Sarkin Asante Prempeh na ɗaya an kai shi tsibirin Seychelles, Sarkin Kano Alu kuma a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa.

Abin da ya sa labarin 'yan Ailan ya fita daban shi ne sun yi ta ɓalle wa wannan hukunci, sau da yawa, cikin shekara ashirin da biyar, har abin ya kai ga sayen jirgin ruwa sukutum a Amurka don a je a ɗauko mutum shida. Ana yawan ba da labarin a matsayin labarin jarumta, kuma akwai jarumtar. Amma ni abin da nake gani a ciki shi ne Ingila da hannunta ta gina rundunar da ta zo ta fasa mata kurkuku. Yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talaka ke rayuwa a kansa, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da miliyan ɗaya, galibi zuwa Amurka, alhali ƙasar tana ƙarƙashin gwamnati mafi arziki a duniya a lokacin. Waɗanda suka tsira suka zauna a New York da Boston da San Francisco da ciwon abin a zuciya. Su ne daga baya suka haɗa kuɗin jirgi.

Kashin farko na labarin na manyan mutane ne. A 1848 wata ƙungiya ta matasa masu ilimi, da ake kira Matasan Ailan, ta yi yunƙurin tawaye wanda ya watse tun bai fara ba, a wani ƙauye mai suna Ballingarry a gundumar Tipperary. Jagoransu William Smith O'Brien ɗan majalisar dokokin Birtaniya ne, ɗan gidan masu ƙasa. An yanke masa hukuncin kisa tare da Thomas Francis Meagher da Terence MacManus da Patrick O'Donoghue, sannan aka mayar da hukuncin kora har abada. John Mitchel, ɗan jarida mai kaifin alƙalami, tun a watan Mayu na shekarar an riga an yanke masa shekara 14. Duk suka haɗu a tsibirin da a lokacin ake kira Van Diemen's Land, wato Tasmaniya ta yau.

A can gwamnati ba ta sa musu sarƙa ba. Ɗaurin talala aka yi musu: kowa a ba shi gundumarsa, ya kama haya, ya yi noma ko karatu, ya hau dokinsa, muddin ya ba da alkawari da bakinsa cewa ba zai gudu ba. A wurin mai mutunci na wancan zamani wannan alkawari ya fi katanga ƙarfi, domin wanda ya karya shi ba zai sake ɗaga kai cikin sa'o'insa ba. O'Brien da farko ya ƙi bayarwa, aka tsare shi a tsibirin Maria. A 1850 ya gwada tserewa da wani ƙaramin jirgi, amma matuƙin ya sayar da shi, aka kai shi sansanin fursunoni na Port Arthur, daga baya ya haƙura ya karɓi talalar.

Sauran sai suka shiga neman yadda mutum zai gudu ba tare da an ce ya ci alkawari ba. Mafitar da suka samo ita ce a mayar wa hukuma da alkawarinta tukuna, sannan a ruga. Meagher a watan Janairun 1852 ya aika wa majistare takarda cewa ya janye nasa, ya tsaya har 'yan sanda suka zo, sannan ya zaburi doki. Ya isa New York a watan Mayu, amma aka yi ta gardama a jaridu ko ya ba hukuma isasshiyar damar kama shi. Mitchel ya ga abin da ya sami abokinsa, don haka a watan Yunin 1853 ya tafi da ƙafarsa ofishin majistare na garin Bothwell, tare da P. J. Smyth, wanda 'yan Ailan na New York suka turo musamman don wannan aiki. Ya miƙa wa majistaren takarda hannu da hannu, ya faɗa masa a gaban ma'aikata cewa alkawari ya ƙare, ga shi in za a kama shi. Kafin majistare ya gama tattara hankalinsa sun fita sun hau dawakai, kuma dokin da Mitchel ya hau a wurin majistaren ya saye shi tun da farko. Ya yi makonni yana ɓuya a gidajen manoma, har da shigar limamin coci, kafin ya sami jirgi. MacManus tun 1851 ya isa San Francisco, O'Donoghue ma ya bi baya.

Kada a ɗauka duk wanda ya kuɓuta daga zalunci ya koyi ƙin zalunci. Mitchel da ya isa Amurka ya zama mai kare bautar da baƙar fata, ya goyi bayan jihohin Kudu a yaƙin basasa, alhali Meagher yana ɗaya ɓangaren yana jagorantar rundunar 'yan Ailan ta Arewa. Wannan tabo ne a tarihin Mitchel wanda gudunsa na Bothwell bai wanke ba.

Kashi na biyu, wanda ya fi ɗaukar hankalina, na talakawa ne, kuma babu wanda ya tambaye su alkawari. A ranar 17 ga Maris 1858 James Stephens ya kafa ƙungiyar asiri a Dublin mai neman kafa jamhuriya da ƙarfin makami, tana da 'yar'uwa a New York ƙarƙashin John O'Mahony. Su ne aka sani da Feniyawa. Membobinsu leburori ne, da masu sana'ar hannu, da akawuna, da yaran shago. Babbar dabararsu ita ce shiga cikin sojan Birtaniya kanta, inda a lokacin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin 'yan Ailan ne da talauci ya tura su ɗaukar bindigar Sarauniya. Wani saurayi mai suna John Devoy shi ne ya riƙa bin mashaya da barikoki yana rantsar da su a ɓoye. Gwamnati ta gano, ta fara kame a 1865, ta gurfanar da sojojin a kotun soja a 1866, tawayen da aka yi a Maris 1867 kuma ya mutu murus.

A watan Oktoban 1867 jirgin Hougoumont ya tashi daga Ingila da fursunoni kusan 280, ciki har da Feniyawa 62. Ya isa Fremantle a Yammacin Ostareliya a Janairun 1868, kuma shi ne jirgin fursunoni na ƙarshe da aka taɓa kaiwa nahiyar. Wurin da aka kai su ba ya buƙatar gadi mai yawa. Gidan yarin Fremantle fursunoni ne suka sassaƙa dutse suka gina shi da hannunsu a shekarun 1850, amma yawancin ɗaurarru a waje suke wuni, suna fasa hanya suna sare itace. In ka gudu gabas, daji ne da hamada na dubban kilomita, ƙishirwa za ta gama da kai ko masu bin sawu su cim maka. In ka fuskanci yamma, tekun Indiya ne har Afirka. Turawan da ke duk yankin ba su kai 30,000 ba, kowace baƙuwar fuska an san da ita.

Duk da haka mutum ɗaya ya fita. John Boyle O'Reilly, tsohon sojan doki mai shekara 24, yana aikin hanya kusa da Bunbury. Wani limamin Katolika, Fada Patrick McCabe, ya haɗa shi da manoma 'yan Ailan na yankin, a watan Fabrairun 1869 suka ɓoye shi cikin tuddan yashi na bakin teku. Jirgin da aka yi ciniki da shi ya wuce bai gan su ba. Sai bayan kwanaki wani jirgin Amurka mai suna Gazelle, na masu farautar wel, ƙaton kifin nan da ake kashewa don mansa, ya ɗauke shi. Da jirgin ya tsaya a tsibirin Rodrigues, wanda ke hannun Ingila, hukuma ta zo nemansa, sai wani jami'in jirgin mai suna Henry Hathaway ya jefa dutsen wasa wuƙa cikin ruwa da dare tare da hular O'Reilly, aka yi shelar cewa mutumin ya faɗa teku ya mutu. O'Reilly ya isa Philadelphia a Nuwamban shekarar, ya koma Boston, ya zama editan jaridar The Pilot. A riƙe sunan Hathaway, zai sake fitowa.

To, a nan ne gwamnatin Ingila ta yi kuskuren da ya jawo mata abin kunya. Firaminista Gladstone ya yi wa Feniyawa farar hula afuwa a 1869, ya ƙara wata a 1871, wadda ta fitar da Devoy kansa bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Sojojin kuwa aka ce ba su ciki. Hujjar hukumar soja ita ce farar hula ra'ayi ya bi, soja kuwa rantsuwa ya ci, kuma in aka yafe wa sojan da ya yi rantsuwa biyu, ba a san abin da zai faru a barikokin Indiya da sauran wurare ba. Hujjar tana da ma'ana a wurin mai riƙe da daula da sojojin mutanen da ya mallake. Amma dubi abin da ta haifar: waɗanda suka shirya abin, masu iya rubutu da magana, suna yawo a New York, yaran da suka biye musu kuma suna tsufa a Fremantle da ɗaurin rai da rai. Wasu daga cikinsu har an buga musu harafin D a jiki, alamar da ake yi wa sojan da ya gudu daga aiki. Michael Harrington, ɗaya daga cikinsu, ya yi wa Ingila yaƙi shekaru a Indiya kafin wannan.

A 1874 ɗaya daga cikin waɗanda aka bari, James Wilson, ya sami hanyar fitar da wasiƙa zuwa ga Devoy. Ya kira ta murya daga kabari, ya tuna masa cewa su ma sun ba da abin da aka nema a wurinsu. Devoy ya san ba gwamnati ake tuhuma a wasiƙar ba, shi ake tuhuma, don shi ya rantsar da irinsu. Ya kai maganar taron Clan na Gael, ƙungiyar Feniyawan Amurka, a Baltimore a watan Yulin shekarar, aka amince. Kuɗin daga aljihun ma'aikatan tashar jirgi da masu haƙar ma'adinai da 'yan aikin gida ya fito, dala-dala, wani mai suna James Reynolds na New Haven har gidansa ya jinginar. Dubban mutane sun san ana tara kuɗi don ceto, kuma abin bai fasu yadda zai ɓata shirin ba, a ƙungiyar da masu kai rahoto suka sha rusawa a baya.

Tunanin farko na wasu shi ne a tura mutane da bindigogi su far wa gidan yarin. O'Reilly ya tura Devoy wurin Hathaway, wanda a lokacin babban ɗan sanda ne a New Bedford, cibiyar farautar wel ta Amurka. Shawarar Hathaway ce ta ceci aikin. Ya ce a sayi jirgin farauta na gaske, a ɗauki ma'aikata na gaske, a yi farauta ta gaske. Irin waɗannan jirage sun saba zuwa gaɓar Yammacin Ostareliya shan ruwa da sayen guzuri, ba mai kallonsu sau biyu, kuma man da aka samu zai rage asara. Aka sayi Catalpa a kan dala dubu biyar da ɗoriya ta hannun wani dillali, John T. Richardson, aka ba surukinsa George Anthony shugabancin jirgin. Anthony ba ɗan Ailan ba ne, ba Katolika ba ne, ba shi da dangi ko ɗaya a cikin rikicin. An faɗa masa gaskiyar aikin, ya ce ya ɗauka.

Catalpa ya bar New Bedford ranar 29 ga Afrilu 1875, kuma tafiyar ta ci wata goma sha ɗaya. Ban da Anthony, mutum ɗaya tak ya san asirin a jirgin, Dennis Duggan, wanda aka shigar a matsayin kafinta. Sun kashe wel a tekun Atlantika, suka sauke ganga kusan 200 ta mai a tsibirin Fayal, inda yawancin ma'aikatan suka gudu aka ɗauki sababbi. Agogon da ake auna wurin da jirgi yake da shi ya yi ta ba su matsala. A tekun Indiya suka haɗu da wani jirgin Ingila, Anthony ya hau gaisuwa, sai ga shi shugaban jirgin shi ne wanda ya tuƙa Hougoumont zuwa Fremantle. Mutumin, bai san komai ba, ya ba shi taswirar gaɓar da ya yi amfani da ita wancan karon.

A tudu kuma wani aikin ke tafiya. John Breslin, wanda a 1865 yana ma'aikacin asibitin kurkukun Richmond a Dublin ya buɗe wa James Stephens ƙofa, ya iso Fremantle a Nuwamban 1875 da sunan James Collins, attajirin Amurka mai neman inda zai zuba jari. Ƙaramin gari mai ƙishirwar jari ya rungume shi. Ya gana da Gwamna William Robinson, har aka zagaya da shi cikin gidan yarin a matsayin babban baƙo. Abokinsa Thomas Desmond ya kama aikin ƙera keken doki a Perth, wanda ya ba shi dalilin hayar dawakai ba tare da tambaya ba. Fada McCabe a lokacin shi ne limamin fursunonin Fremantle. Ana cikin haka Breslin ya lura da wasu baƙi biyu da ya zaci 'yan leƙen asiri ne, ashe Feniyawa ne daga Birtaniya da aka turo da kuɗi don aiki iri ɗaya, kowane ɓangare bai san da ɗaya ba. Suka haɗa kai, aka ba su yanke wayar tangaraho. Daga Landan an aiko wa hukumomin yankin gargaɗi cewa ana shirin wani abu, amma sun amince da hamadarsu da tekunsu, kuma fursunonin shida sun yi shekaru suna nuna ladabi har an sakar musu ayyukan waje: wannan yana kula da dokin limami, wancan yana fenti, wani yana lambu.

Catalpa ya iso Bunbury a ƙarshen Maris 1876. Aka ɗage rana saboda wani jirgin yaƙin Ingila da ya shigo Fremantle, sai da ya tafi. Ranar da aka tsayar ita ce Litinin ta Ista, 17 ga Afrilu, ranar tseren kwalekwale a Perth, lokacin da manyan gari da jami'ai suka tafi kallo. Da safe mutum shida suka ajiye kayan aiki suka taka a hankali zuwa inda kekunan doki biyu ke jira: James Wilson, Martin Hogan, Michael Harrington, Thomas Hassett, Robert Cranston da Thomas Darragh. Akwai na bakwai, James Kiely, wanda 'yan'uwansa suka ƙi gaya masa domin suna zarginsa da taɓa neman sayar da su. Aka bar shi. Suka yi gudun kusan kilomita 30 zuwa bakin ruwan Rockingham, inda Anthony ke jira da ƙaramin kwalekwalen farauta. Wani ma'aikacin katako ya ga abin da idonsa, ya hau doki ya kai labari.

Mutum 16 ne suka cushe cikin kwalekwalen da aka yi don mutum shida, bakinsa na dab da ruwa. Catalpa yana can nesa, a wajen ruwan da Ingila ke da iko da shi. Da yamma suka hango shi, amma na cikinsa ba su gan su ba, sai hadari ya taso, ya karya sandar da ke riƙe da ƙyallen iska. Suka kwana suna kwarfe ruwa da hannu da duk abin da suka samu. Masu tuƙin nan biyar sun cancanci a ambace su: ma'aikatan Catalpa galibi mutanen tsibiran Cape Verde ne da Malayawa da 'yan tsibiran Fasifik, ba wanda ya gaya musu abin da ake ciki, kuma damtsensu ne ya fitar da kowa. Da gari ya waye sai ga Georgette, jirgi mai tururi da gwamna ya karɓa don bin sawu. Suka kwanta a ƙasan kwalekwale, ya wuce bai gan su ba. Georgette ya je wurin Catalpa, mataimakin Anthony, Samuel Smith, ya hana kowa hawa, kwal kuma ya kusa ƙarewa, dole ya juya. Daga nan aka shiga tsere tsakanin kwalekwalen da wani jirgin 'yan sanda, Smith ya gane abin da ke faruwa ya juyo da Catalpa ya shiga tsakani. Sun hau jirgi bayan kusan awa 28 a kan ruwa.

Washegari, 19 ga wata, Georgette ya dawo da igwa da tsofaffin sojoji ɗauke da bindigogi. Iska ta kwanta, Catalpa ba ya iya gudu. Aka harba igwa ta gabansa, aka ba Anthony minti 15 ya tsaya. Ya ce babu fursuna a jirginsa, ya nuna tutar da ke sama, ya ce yana tsakiyar teku ne, wanda ya harbe shi tutar Amurka ya harba. Wannan magana ta yi aiki ne saboda abin da ke bayanta. Shekara huɗu kafin nan, a 1872, kotun sulhu a Geneva ta sa Birtaniya biyan Amurka dala miliyan 15.5 kan ɓarnar da jirgin Alabama da makamantansa, waɗanda aka ƙera a Ingila, suka yi wa jiragen Arewa lokacin yaƙin basasa. Gwamnan ƙaramin yanki, wanda ko wayar tangaraho ba ta haɗa shi da sauran Ostareliya ba sai a 1877, ba zai ɗauki nauyin sabon rikici da Amurka a kan mutum shida ba. Iska ta taso, Georgette ya bi su na ɗan lokaci ya koma gida.

Nisan da Ingila ta dogara da shi ya juyo kanta, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. A watan Mayu Firaminista Disraeli ya tsaya a majalisa yana ƙin roƙon da 'yan majalisa suka yi na a yafe wa sauran fursunonin, bai san waɗanda ke Fremantle sun yi wata guda a teku ba. Labari bai kai Landan ba sai a watan Yuni. Catalpa ya shiga New York ranar 19 ga Agusta 1876.

Babu wanda ya mutu a wannan aiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna yadda Feniyawa suka saba ceton nasu. A Manchester a 1867 sun fasa keken dokin ɗaukar fursunoni, ɗan sanda ya mutu, aka rataye mutum uku. A Clerkenwell ta Landan a Disamban shekarar sun sa nakiya a bangon kurkuku, talakawan unguwa 12 suka mutu, fursunan da ake nema bai fita ba. Catalpa ya nuna wa ƙungiyar cewa haƙuri da tsari suna kawo abin da nakiya ta kasa, ko da yake ba duka suka ɗauki darasin ba, don a shekarun 1880 wani ɓangarensu ya koma dasa bama-bamai a biranen Ingila. Ribar siyasa Devoy ne ya kwashe ta. Clan na Gael ta cika da membobi da kuɗi, ya zama mutumin da jagororin siyasar Ailan, Charles Stewart Parnell da Michael Davitt, suka zauna da shi a 1879, kuma shi ne dai a tsufansa ya tara kuɗin tawayen Dublin na 1916.

Akwai wani abu da masu ba da labarin ba su cika tsayawa a kansa ba. Ruwan da Catalpa ya yi ta kai da komo yana jira, a gefen tsibirin Rottnest yake. Daga 1838 zuwa 1931 wannan tsibiri kurkuku ne na 'yan asalin ƙasar, inda cikin kusan ƙarni guda aka tsare maza da yara kusan 3,700, wasu don sun soki tumakin da ke kiwo a ƙasar kakanninsu, wasu don sun tsaya wa masu ƙwace ta, kuma aƙalla 370 suka mutu a can. Su ma fursunonin mamaya ne. Ba jarumta suka rasa ba, sun rasa 'yan'uwa a New York masu albashi da jarida da ƙuri'a, da tutar wata babbar ƙasa da za a nuna wa mai igwa. Wannan shi ne bambancin, kuma shi ya sa nake cewa hijirar yunwa ce ta fasa Fremantle.

Waɗanda suka yi aikin ba su ci moriyarsa sosai ba. A hanyar komowa mutanen shida, marasa lafiya bayan shekara goma a ɗaure, suka matsa a wuce Amurka kai tsaye, aka fasa farautar da za ta biya kuɗin tafiya, rigimar lissafi ta yi shekaru. Anthony ba zai sake shiga tashar da ke hannun Ingila lafiya ba, sana'arsa ta teku ta ƙare, ya koma aikin kwastam a New Bedford. Fursunonin da aka yi wa maraba da ganguna sun koma leburanci da ƙananan ayyuka, wasunsu cikin talauci da ciwo. Wilson ne ya fi su daɗewa, ya rasu a 1921.

Wani zai ce da sun yi haƙuri da an sake su, tunda ba a daɗe ba gwamnati ta sassauta. Gaskiya ne a Janairun 1878 an saki sojojin Feniyawa da suka rage a kurkukun Ingila. Ɗaya daga cikinsu, Saje Charles McCarthy, ya yi shekara 12 a tsare da ciwon zuciya. Ya iso Dublin jama'a suka tarye shi, bayan kwana biyu Parnell ya gayyace shi karin kumallo a otal tare da Davitt, yana shiga ɗakin ya yanke jiki ya faɗi ya mutu. Wilson ya san irin lafiyar da ta rage musu lokacin da ya rubuta wasiƙarsa, kuma a 1874 babu wani jami'i a Landan da ya ba su ranar fita.